Ƙananan Haruffan Madam Rahama

Assalamu alaikum, ƴan uwana masu bibiyar labarin nan. Na ga ƙorafin wasunku a ƙarƙashin kashin da ya gabata, wai rubutuna ya cika kurakurai, nan harafi ya ɓace, can wani ya ƙaru. Wata har ta tambaya ko ina rubutu ne ina gyangyaɗi. Ban ji haushi ba, gaskiya kuka faɗa. Yau za ku ji dalili.

Ga wanda ya shigo yanzu, sunana Falmata, ƴar Malam Alkasum ta unguwar Zango a nan Damagaram. Ina shekara ta biyu a lakol, wato makarantar koyon aikin lafiya, ina koyon aikin ungozoma. Wanda nake so Mahamud ne, mai ɗan shagon buga takardu da ordinatar, wato kwamfuta, a bakin kasuwa. Manyansa na Tirmini sun riga sun aiko cewa ranar Juma'a za su kawo goron tambaya. Iya, mahaifiyata, har ta sa an yi wa tsakar gida sabon daɓe, an sake wa ƙofar zaure fenti kore.

A cikin wannan farin ciki abin ya same ni.

Muna da wata malama, Madam Rahama, mai koya mana magunguna da awonsu. Ba ta rubutu da alli. Tana zuwa da ordinatar ɗinta, a rufe tagogi, a kunna furojekta, darasi ya fito a jikin farin bango. Kuma tana da son ƙawa. Bayan rubutun sai ta sa shuɗi mai duhu, haruffan kuma ja, sirara, masu lanƙwasa kamar na katin biki, ta cusa layi a kan layi har bangon ya cika. Tun farkon shekara nake fama da su, amma na ɗora wa Madam laifi. Na bar bencin baya na dawo tsakiya, na bar tsakiya na dawo na biyu, kusa da ƙawata Maryama. Duk da haka daga kayenta, littafin rubutunta, nake kwafa.

Ran nan ana cikin darasi na gaji, na ɗaga hannu na ce Madam don Allah rubutun nan ya yi ƙanƙanta, ba ma gani. Ta juya ta dubi bango, ta dube ni, sannan ta tambayi aji ko akwai wanda ba ya gani. Na jira in ji ko mutum ɗaya ya goya min baya. Shiru. Can daga bencin ƙarshe wani ɗan Dirum ya karanto layin gaba ɗaya, har da waƙafi, aka yi dariya. Ni ma na yi dariyar dole.

Da aka tashi ban jira Maryama ba. Na zagaya bayan aji, gindin wata bedi, wato bishiyar dogon yaro, na tsaya ina kallon allon sunan lakol da ke bakin ƙofa. Na rufe idon hagu da tafin hannu, na karanta shi, ko da yake gefen haruffan ya yi dishi-dishi. Na rufe na dama. Ƴan uwa, tsakiyar allon ba ya nan. Ina ganin bango, ina ganin mai sayar da ƙanƙara a gefe, amma daidai inda na kafa ido sai wani tabo mai ruwan toka, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Na murza idon har ya yi ja. Tabon bai motsa ba.

Ban taɓa ba ku labarin Aba sosai ba. Mahaifina madinki ne a da, mai aikin wuyan riga da hannu, har daga Mirya ake kawo masa ɗinki. Ina ƙarama idonsa ya fara ja da baya, yanzu ba ya bambance dare da rana. Yana zaune a zaure kullum a kan buzunsa, rediyo a gefe, yana gane kowa da takunsa. Ƙanwarsa da ke Tanut ma haka ta ƙare. Shi ya sa da na shigo gida ranar, ya ce "Falmata ce?", sai na ji kamar in durƙusa a gabansa in fashe da kuka. Na amsa gaisuwa kawai na wuce ciki.

Iya na samu a madafa tana tankaɗen garin gero, ta ɗaure ƙugu da tsohon zaninta mai zanen ganye. Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata a hankali. Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta leƙa wajen zaure, ta rage murya.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa, Iya."

"To ya tsaya a nan. Waya ce ta gajiyar miki da ido."

Na ce ina son in je a duba ni a likita, wato asibiti. Ta ajiye rariyar ta ce wace likitar, wadda Balki take aiki? Nan na gane inda ta dosa. Yaya Balki ita ce babbar yayar Mahamud, kuma a sashen ido take aiki, ita ke gwada mutane kafin su ga dokta. Ita ce kuma tun farko aka ce ta tambayi mahaifiyarsu ko an bincika ciwon idon gidanmu, ko na gado ne. Da ƙyar maganar ta kwanta. Iya ta ce in na taka wurin nan kafin Juma'a, labari zai riga ni isa Tirmini. In bari a kawo goro, a sa rana, a ɗaura, bayan nan ita da kanta za ta kai ni ko Yamai ne. Tana faɗa idonta na cika da ƙwalla, don haka ban iya yi mata musu ba. Ta sa min kwalli da hannunta, wai yana wanke ido.

Sai na nemi wata dabara. Na san Mahamud ne ke buga wa Madam Rahama darussanta, tana kawo masa a rubuce da hannu, ya shirya mata yadda take so. Washegari da yamma na sa doguwar rigata ruwan zuma da mayafi baƙi, na bi ta shagonsa kamar hanya ce ta biyo da ni. Na same shi yana gyaran injin kwafi, hannun rigarsa a naɗe, tawada a yatsunsa. Ya share kujera ya aika a kawo min lemun tsamiya mai sanyi. Bayan mun gaisa na ce ƴan bencin baya suna kuka da rubutun Madam, ba sa gani, ko zai taimaka musu.

Abin ya yi masa daɗi, don dama yana da cikinsa. Ya ce ya sha gaya mata girman harafi lamba goma sha takwas na takarda ne, ba na bango ba, kuma wannan harafi mai lanƙwasa in haske ya bugi bango sai siraran wurarensa su narke. Ja a kan shuɗi kuwa ko mai lafiyar ido sai ya yi hawaye. Ya buɗe wani darasi, ya mai da bayan fari, rubutun baƙi, ya zaɓi harafi mai kauri marar ado, ya ɗaga shi zuwa talatin da biyu, ya raba shafi ɗaya gida uku. Sannan ya ce in koma bakin ƙofa in zama ƴar bencin baya, in karanto masa.

Na tashi na koma can. Daga bakin ƙofa zuwa teburinsa ba wata tazara ba ce. Na karkata kai kaɗan yadda idon dama zai yi aikin, na karanto layin farko. Na biyu na haɗa da abin da na haddace. Ya ce madalla, sai ya rage girman ya ce wannan fa. Na ce hasken waje ya yi yawa, kuma Iya na jirana. Na ji idonsa a kaina har na fita.

Ban kai gida ba saƙonsa ya shigo. Wayata dama na daɗe da ƙara wa rubutunta girma, kalma uku ke cika fuskarta. Ya rubuta: "Gimbiyar Zango, kwana biyu ba kya rubuto min, sai bokal, saƙon murya kawai. Ko yatsun amarya sun fara hutu ne?" Na danna na yi masa magana, ina dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce muryata ce ba ya so? Ya turo hoton zuciya. Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa: "In akwai abin da ke damunki ki faɗa min." Na kife wayar a kan katifa.

Darasin Madam na gaba ya fito fes. Fari da baƙi, manyan haruffa, layi kaɗan. Maryama ta ce yau rubutu ya zama na allon talla. Ni kuwa na ji kamar an sauke min dutse, rabon da in kwafi darasi da idona har na manta. Na ce a raina shi ke nan, in Mahamud zai riƙa yi min haka zan lallaɓa har in gama.

Madam ba ta ji daɗi ba. Ta yi ta danna shafi tana tsaki, tana cewa mai buga mata takardu ya mai da darasinta na ƴan firamare. Can wajen ƙarshe ta ce akwai jadawalin da ta ƙara da kanta da safe, na awon allurar da ake yi wa mai haihuwa in jini ya ɓalle. Ta danna. Shuɗin nan ya dawo, da jajayen lambobi sirara a cikin ƙananan akwatuna.

"Falmata, ke da kika nemi manya kin samu. Tashi ki karanto mana layi na uku."

Na miƙe. Na ga akwai lambobi, amma suna iyo, suna shiga juna. Maryama ta yi min raɗa, fankar sama ta cinye rabin maganar. Na ji kamar ta ce biyar, na ce biyar. Madam ta ce in sake dubawa. Na sake cewa biyar. Ashe akwai sifili da waƙafi a gabansa, rabin ɗaya ne, ni kuma na ninka shi goma.

Ba ta yi min faɗa a gaban mutane ba, ta ce in zauna. Da aka watse ta tsayar da ni. Ta ciro wata ƴar kwalbar allura daga jakarta, wadda take nuna mana a aji, ta miƙo min ta ce in karanta abin da ke jiki. Na kawo ta kusa da hanci, na nisanta ta, na juya ta wajen taga. Hawaye ne suka ba ta amsa.

Ta zauna a bencin da ke gabana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce ta yarda rubutunta bai kyauta ba, za ta bar shi yadda aka gyara, don ba ni kaɗai zai amfana ba. Amma bangon aji ne kawai ake iya ƙara wa girma.

"Kwalba ba ta da furojekta, Falmata. Wata mai zuwa za ku fara sitaj, koyon aiki da hannu, a ɗakin haihuwa. Ba zan tura ki kan matar mutane da wannan idon ba sai dokta ya duba ki."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa bayan Juma'a. Ta ce ita ba ruwanta da Juma'a, ido ba ya jiran biki.

A gida na tarar da Iya ta baje atamfofi a kan tabarma, tana zaɓen wadda zan sa ranar da baƙi za su zo, ga turaren wuta na tashi a kasko. Na faɗa mata yadda muka yi da Madam. Ta ce to in bar zuwa lakol ɗin har a gama, in ce ba ni da lafiya. Na ce Iya, in na yi shiru aka ɗaura, daga baya ya gane na sani na ɓoye, da wane ido zan dube shi? Ta ce da wane ido zan dubi unguwa in suka fasa? Muryarmu ta ɗaga ba mu sani ba. Sai muka ji rediyon zaure ya mutu.

Aba bai cika shigowa tsakar gida da rana ba. Sai ga shi yana bin bango da hannu, ya taka sabon daɓen, ya tsaya. Ya ce in zo. Na je na durƙusa. Ya lalubo kaina, ya sauko da yatsunsa kan fuskata, ya tsaya a kan girata.

"Wanne ne?"

"Na hagu, Aba. Na dama ma ya fara."

Ya sauke hannunsa. Sannan ya ba mu labarin da ko Iya ban jin ta taɓa ji daga bakinsa. Ya ce lokacin da nasa ya fara, ɓoyewa ya yi, don kada masu kawo ɗinki su gudu. Ya yi ta sa kwalli da tofi yana cewa gajiya ce. Ranar da ya je likita, dokta ya ce masa da ya zo da wuri da an riƙe abin da ya rage da magani. Ya ce bai san ko nawa irin nasa ba ne, Allah ya sa ba shi ba ne, amma ba zai zauna a zaure yana ji a maimaita a kan ƴarsa ba.

Iya ta ce, "Malam, mutanen Tirmini fa?"

"In don ido za su fasa, gara su fasa tana gani."

Da safe ya sa farar rigarsa mai aikin da ya yi da hannunsa tun yana gani, ya ɗora hula, ya ce in riƙe masa sanda. Iya ba ta fito ba, amma na tarar ta ajiye min kunu a rufe a bakin ƙofa. Muka tari adaidaita. Duk hanya ina rufe ido ɗaya ina buɗewa, ina gwada kaina da allunan shaguna, ina addu'ar Allah ya sa yau ba ranar aikin Yaya Balki ba ce.

Ita ce a bakin ƙofar ɗakin gwaji, cikin farar riga da ɗan farin hijabi, tana kiran suna. Da ta gan mu ta saki fuska, ta rusuna ta gai da Aba, ta ce Baba ne aka kawo kontirol, a sake duba shi? Aba ya ce a'a, shi ne ya kawo ƴarsa. Na ga murmushin ya bar fuskarta a hankali.

Ta shigar da ni, ta zaunar da ni a kujera, ta rage hasken ɗakin. A bangon da ke gabana haruffa suka fito, baƙaƙe a kan fari, babba a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ba ado, ba lanƙwasa, ba wanda zan ɗora wa laifi. Ta rufe min idon hagu, na sauko layi huɗu na tsaya. Ta rufe na dama. Na ce mata ina ganin na saman, in na kalli gefensa. Ta ce na ƙasa da shi fa? Na ce babu. Ta sa min wani gilashi, ta canja wani, ta ba ni abu mai ɗan rami in leƙa. Tabon yana nan.

Na ji ƙarar bik ɗinta tana rubutu a kan takarda. Ta ɗaga min haɓa ta ɗiga magani a idanun biyu, mai yaji, ta ce zai buɗe ƙwayar idon don dokta ya ga ciki, kuma zan yi ɗan lokaci komai na yi min hazo, kada in tsorata. Tana goge min kumatu da auduga ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa:

"Mahamud ya sani?"

Na girgiza kai.

Ta ce aikinta ya hana ta fitar da abin da ta gani a ɗakin nan, ko ga mahaifiyarsu, kuma ba za ta fitar ba. Ta ce ba ta san me dokta zai ce ba, wataƙila abu ne mai magani. Amma Mahamud ƙanenta ne, ba za ta iya zama ranar Juma'a tana kallon kawunnansu na raba goro, shi kaɗai bai san komai ba.

"Ki gaya masa da bakinki, Falmata. Ya fi miki daraja."

Na fito na zauna kusa da Aba a kan benci. Maganin ya fara aiki, fuskokin mutane suka narke, hasken taga ya yi min yawa. Na ciro waya, ko sunan Mahamud ban iya karantawa, na dai san shi ne a sama. Na laluba na danna wurin bokal. Na ce masa babu wasu ƴan bencin baya, ni ce ba na gani. Na gaya masa inda nake, da wanda ya kawo ni, da wadda ta gwada ni. Na ce ban san abin da za a ce min ba, in ya ga a dakatar da mutanen Tirmini ba zan riƙe shi a zuciya ba. Wannan na ƙarshen ƙarya ce, kuma muryata ta tona ni. Na saki yatsa, ya tafi.

Aba ya ji komai, ya ɗora hannunsa a kan nawa.

Na ƙura wa wayar ido, ba na ganin komai sai haske. Na juya ga wata mata da ke gefena da jariri a goye, na ce baiwar Allah, don Allah duba min ƴan alamun nan biyu na ƙasan saƙo, wane launi ne. Ta karɓa ta duba ta ce sun yi shuɗi, wato ya saurara. Na ce akwai abin da ya shigo bayansu? Ta ce babu. Muka ɗan jira, na sake miƙa mata. Ta ce har yanzu babu.

Sai ƙofar dokta ta buɗe, na ji muryar Yaya Balki ta kira sunana. Na miƙe, na ba Aba wayar ya riƙe min. Na kai bakin ƙofa ke nan na ji wayar ta fara ruri a hannunsa.